Gizago A Littafin Kimiyya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji huɗu da aji biyar masu karatun kimiyya, ina da wata 'yar tambaya gare ku. Sa'ad da Malam ya ba mu lissafin maganaɗisu, muka yi ta fama har muka sami amsa, muka ɗora mata harafin T a ƙarshe, shin me muka rubuta ke nan? Na san kowa zai ce mini tesla, watau ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Mai ƙoƙarin cikinmu kuma ya ƙara da cewa sunan wani masani ne da ake kira Nikola Tesla. Duk gaskiya ne. Amma abin da ba a gaya mana a aji shi ne, a bakin mutanen da suka haifi wannan masani, tesla sunan wani ƙarfe ne da kowane ɗan ƙauye a cikinmu ya sani. Gizago ke nan. I, gizagon nan da ake sassaƙa turmi da akushi da ƙotar fartanya da shi. Ni kuwa jikan masassaƙi ne, shi ya sa tun da na ji wannan magana ta ƙi fita raina, na yi ta bin sawunta a littattafai da wajen malamai. Ɗan abin da na tsinto shi ne nake so in baje muku a nan.

Ma'aunan da ƙasashen duniya suka haɗu suka yarda da su, irin su nuton da wat da bolt da amfiya, mutum 19 ne aka ɗauki sunayensu aka laƙaba musu. In kun duba za ku ga galibinsu mutanen Birtaniya ne da Faransa da Jamus, sai ɗaiɗaiku daga Italiya da Suwidin da Amurka. Tesla kaɗai ne a cikinsu ya fito daga al'ummar da ake kira Silab, ko kuma mu ce Silabawa, a 1960 kuwa aka shigar da sunansa. Silabawan nan ba ƙananan mutane ba ne, sun kai wajen miliyan 300. Su ne mutanen Rasha da Yukren da Folan da Cek da Bulgeriya da Sabiya da Kuroshiya da wasu ƙasashen maƙwabtansu. Harsunansu 'yan ɗaki ɗaya ne, har wata kalmar sai ka ji ta a bakinsu duka, ɗan lanƙwasa harshe kawai ya bambanta.

To, ga yadda kalmar take. A harshen Sabiyawa da Kuroshiyawa, in za a ce sassaƙa sai a ce tesati. Mai yin sana'ar shi ne tesar. Ƙarfen da yake aikin da shi kuma tesla. Wannan ɗan ƙarin na ƙarshe, watau la ko lo, shi ke mai da aiki ya zama sunan abin aikin, kamar yadda mu muke cewa buɗe da mabuɗi, ko girbi da magirbi. Haka suke cewa shiti, ɗinki, su ce shilo, basilla. Rashawa su ce teslo, gizagon dai. Wanda ya girma a birni bai taɓa ganinsa ba, to bambancinsa da gatari shi ne bakin gatari a miƙe yake da ƙota, na gizago kuwa a gicciye, ga shi da faɗi, ya ɗan ranƙwafo. Gatari shi ke kayar da itace, gizago shi ke fid da kamanni daga jikinsa. Mai riƙe da shi wajen kansa yake saro, saboda haka ba ƙarfen da ake ba yaro ba ne.

Masana harshe ma sun bi tushen kalmar can nesa, suka ce uwa ɗaya ta haife ta da kalmar Girkawan dā ta tekton, mai aikin katako, da tekne, watau gwanintar hannu. Daga wannan ta biyun ce Turawa suka samo kalmar da muke ji kullum, teknoloji. Ashe gizago da fasahar zamani dangin juna ne tun kafin a haifi Nikola.

Yanzu bari mu dubi yadda Silabawa ke sa sunan gida, don ta nan ne za ku gane abin da ya sa na ce sunan Tesla baƙo ne ko a cikin danginsa. A Sabiya mafi yawan sunaye suna ƙarewa da ic, ana kuwa faɗinsa da irin c ɗinmu na ci da ciki, ma'anarsa ɗan wane. Jovanovic ɗan Jovan, shi ne sunan da ya fi kowane yawa a ƙasar. Petrovic ɗan Petar. Kovacevic ɗan maƙeri, Popovic ɗan limamin coci. Rashawa su sa ov, su ce Ivanov, ko Kuznetsov, shi ma ɗan maƙeri. Mutanen Yukren su sa enko, su ce Kovalenko, ɗan maƙerin dai har wa yau. Da alama babu garin da maƙeri bai bar baya ba! Masassaƙa ma ba a bar su a baya ba: akwai Tesar a ƙasar Cek, akwai Ciesla a Folan, akwai Teslenko a Yukren, a Bosniya har da gari mai suna Teslic. Waɗannan duka ko dai mai sana'ar suke nufi, ko ɗansa. Tesla kuwa tsurarsa yake, ba ɗan wane ba ne, ba mai kaza ba ne. Ƙarfen ne kansa. Kamar a ce a rajistar ajinmu an kira Musa Gizago, ya ce ga ni.

Ta yaya gida guda ya wayi gari da irin wannan suna? Magana biyu ake yi. Ta farko ita ce wadda kowa zai zata, wai wani kakansu masassaƙi ne. Ta biyu kuwa wani ɗan jarida na Amurka ne, John O'Neill, wanda ya san Nikola ido da ido, ya rubuta ta a littafin tarihinsa na 1944. Ya ce a dā sunan gidan Draganic, daga kalmar da ke nufin abin ƙauna. Sai aka sami wani reshe na gidan da suke gadon manyan haƙoran gaba, masu faɗi, sun turo waje kamar bakin gizago. Mutanen gari suka riƙa ce musu Tesla, har sunan ya bi su, na ainihin ya ɓace.

In kun tambaye ni, ni zancen haƙoran ya fi kwanta mini. Dalilina shi ne, da sana'a ake nufi, ai ga kalmar tesar nan a bakinsu, me zai sa su tsallake ta su kama sunan ƙarfe? Sa'an nan duk wanda ya yi zango ɗaya a ɗakin kwanan makarantar nan ya san yadda irin wannan suna ke samuwa. Mai dogon wuya ya zama Zalɓe, mai ƙaton kai ya zama Tulu, ranar da ya nuna fushi kuwa ranar sunan ya kama shi, har ya gama makaranta wasu ba su san na yankansa ba. Ban ce ɗaya maganar ba ta da ƙafa ba. A garinmu masassaƙi ba ya fita sai da gizago rataye a kafaɗa, ko gaisuwar mutuwa za shi, irin wannan mutum kuwa ba wuya a kira shi da sunan abin da ba ya rabuwa da shi. Ko wacce ce gaskiya, ba mai gidan ne ya zaɓa ba, maƙwabta ne suka sa masa.

Ƙasar da aka yi wannan ana kiranta Lika, a cikin Kuroshiya ta yau. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, noma ba ya wani albarka. Ta daɗe a hannun Turkawa na Daular Usmaniyya, har 1689 da aka ƙwace ta, ta koma ƙarƙashin Sarkin Ostiriya. Shi kuwa ya mai da ita bakin daga. Ya ba mutane gonaki, ciki har da Sabiyawa masu yawa, bisa sharaɗin duk namijin da ya isa ɗaukar bindiga soja ne, ko yaushe aka buga ganga ya fito ya tsare iyaka. Inda kowane namiji soja ne kuwa, dole a rubuta kowa a littafi. Ga shi ƙauye guda sai ka tarar kusan duk dangi ɗaya ne, sunan yanka iri ɗaya, sunan gida iri ɗaya, dole sai da laƙabi za a rarrabe wannan gida da wancan. Da zarar magatakardan soja ko limamin coci ya sa alƙalami ya rubuta laƙabin, shi ke nan ya zauna, jikoki da tattaɓa-kunne su gāje shi. Shi ya sa a Lika ake yawan samun sunayen da ba su da ic a ƙarshe.

Cibiyar masu sunan Tesla wani ƙauye ne da ake kira Raduc, a gindin duwatsun Velebit. A nan aka haifi Milutin, mahaifin Nikola, a 1819. Uban Milutin soja ne, ya yi aiki har a ƙarƙashin Faransawa zamanin da Napoleon ya riƙe yankin. Shi ma Milutin an sa shi makarantar soja, ya ga ba za ta karɓe shi ba, ya fita ya zama limamin coci na ɗariƙar Otodoks, wadda limamanta ke yin aure. Matarsa Juka 'yar limami ce ita ma. Ba ta shiga makaranta ba, amma ta haddace dogayen waƙoƙin tarihin mutanenta, kuma da hannunta take ƙirƙiro kayan sauƙaƙa aikin gida. Nikola da bakinsa ya ce wajenta ya gaji basira. Wannan abu ya tsaya mini a rai: basirar ta uwa ce, sunan da duniya ta riƙe kuwa na uba ne. Sunan gidansu Juka, Mandic, sai mai tonon littafi ne zai ji shi.

An haifi Nikola ran 10 ga Yuli 1856 a ƙauyen Smiljan, kusa da garin Gospic, inda aka tura ubansa limanci. Ba tarihinsa na zo bayarwa ba, don haka zan taƙaita. Ya yi karatu a Graz ta Ostiriya, ya yi aiki a Budafes da Faris, ya sauka Niyok a 1884. Ya yi wa Thomas Edison aiki na 'yan watanni suka raba gari. Babban abin da ya ƙago shi ne injin da ke juyawa da lantarki mai kai-da-komo, irin wanda ke iya tafiya mai nisa a waya ba tare da ya zube a hanya ba. George Westinghouse ya sayi haƙƙin ƙirar a 1888, a 1896 kuma aka jawo wuta daga mafaɗar ruwan Niyagara zuwa birnin Buffalo da wannan tsari. Wutar da muke karatun dare da ita a nan, in an kawo ta, irinta ce, tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa. Ya rasu ran 7 ga Janairu 1943 a ɗakin wani otal a Niyok, yana da shekara 86, shi kaɗai, ba dukiya.

A nan ne labarin sunan ya ɗauki wata hanya mai ban tausayi. Milutin 'ya'ya biyar ya haifa, maza biyu mata uku. Babban namijin, Dane, doki ya yi ajalinsa tun yana yaro. Matan uku suka yi aure, bisa al'adarsu kuwa mace sunan gidan miji take komawa, 'ya'yanta ma haka. Nikola bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. Saboda haka ranar da ya cika, sunan Tesla ya yanke a gidan Milutin. Wanda ya tsaya aka kwashe takardunsa aka kai Belgired, inda aka kafa masa gidan tarihi a 1952, ɗan ƙanwarsa ne, amma Sava Kosanovic ake ce masa. An ƙona gawar Nikola, abin da mu ba mu saba ji ba, tokar kuma tun 1957 tana cikin wani ƙwallo mai ruwan zinariya a wannan gida. Duk wanda kuka ji da sunan Tesla a yau, iyakarsa ya zama dangi na nesa.

Su ma dangin na nesa ba su sha da daɗi ba. A 1941, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin 'yan Ustasha da ke goyon bayan Hitler ta yi wa Sabiyawan Lika kisan gilla, har a Smiljan, aka kuma rushe cocin da Milutin ya yi limanci. Cikin waɗanda aka kashe akwai masu sunan Tesla. Bayan shekara 50, da ƙasar Yugoslabiya ta wargaje, yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Sabiyawa da Kuroshiyawa daga 1991 zuwa 1995, kowane ɓangare ya zubar da jinin ɗan'uwansa. A 1992 aka sa nakiya aka tarwatsa mutum-mutumin Nikola da ke Gospic. A watan Agusta 1995 kuma Sabiyawa tsakanin 150,000 da 200,000 suka tsere daga wannan yanki cikin 'yan kwanaki. Raduc ya zama kusan kufai. Masu sunan da dama can ba su da yawa suka watsu, wasu a Sabiya, wasu a ƙasashen da neman abinci ya kai su.

Ga abin mamaki kuwa. Sa'ad da masu sunan ke ƙarewa a mahaifarsa, shi sunan sai yaɗuwa yake yi a kan abubuwan da ba su da rai. A 1946 wani kamfanin gwamnati na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani mai ƙera rediyo ya ɗauke shi. Akwai wani rami a bayan wata da aka sa wa shi. Filin jirgin saman Belgired ya koma Nikola Tesla a 2006, shekarar da aka gyara gidan haihuwarsa a Smiljan aka buɗe wa masu ziyara. Na'urar asibiti mai hoton cikin jikin mutum da maganaɗisu, da tesla ake faɗin ƙarfinta, galibi ɗaya da rabi ko uku, alhali maganaɗisun duniyar nan da ke juya allurar kamfas bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na tesla guda ba. Uwa-uba kamfanin motoci masu lantarki na Amurka, Tesla, wanda Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa a 2003, Elon Musk ya shigo da kuɗinsa a 2004. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya haɗa jini da mutanen Raduc. Yau in ka ce Tesla, yaro mota zai nuna maka, bai san ma an yi wani mutum ba, balle haƙoran kakansa.

Har ƙasashen biyu da suka gwabza yaƙi yanzu jayayya suke a kansa. Sabiya ta sa hotonsa a takardar kuɗinta ta dinari 100. Kuroshiya da ta shiga kuɗin yuro a 2023 ta buga kansa a jikin kwabbanta na santi 10 da 20 da 50, babban bankin Sabiya kuwa tun 2021 ya fito ya ce bai yarda ba. Shi mai sunan tun 1936 ya aika wa wani shugaban Kuroshiyawa waya cewa yana alfahari da asalinsa na Sabiya, yana kuma alfahari da Kuroshiya ƙasar haihuwarsa. Ni dai ina ganin da rabin wannan ɗoki aka yi wajen kare masu sunan sa'ad da suke da rai, da Raduc bai zama kufai ba.

Abin da ya sa wannan labari ya dame ni shi ne, mu ma yanzu muna kan gaɓar da mutanen Lika suka tsaya gaban magatakarda. Hausawan dā ba su da sunan gida da ake gado, kowa da sunansa da na ubansa, sai laƙabi. Makarantar boko ce ta zo ta ce sai an cike gurbi na biyu. Da yawa suka sa sunan gari, shi ya ba mu Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Wani kuwa laƙabi ne ya bi zuriyarsa, kamar Alhassan Ɗantata, attajirin Kano wanda ya rasu a 1955, Tata sunan matar da ta rene shi ne. Ni a rajistar makarantar nan sunan garinmu aka liƙa mini tun ranar da na zo, mu shida muke amsa shi, babu wanda ya haɗa ko kaka da wani. A gari kuwa in kana neman gidanmu, ce Gidan Masassaƙa, ko akuya ta kai ka. Na san akwai waɗanda a cikinmu in an tambaye su sana'ar gidansu sai su kama inda-inda, ɗan maƙeri ya ce babansa injiniya ne, ɗan mahauci ya ce ɗan kasuwa. Baɗi in Allah ya kai mu za a kawo mana fam na babbar jarrabawa, abin da muka rubuta a kai kuwa shi zai hau takardar shaida, ya bi mu wajen aiki, watakila ya bi 'ya'yanmu.

Da hutun da ya wuce na kai maganar gida. Na sami kakana a gindin ɗorawa yana fafe turmi, na gaishe shi, na kwashe labarin nan duka na gaya masa. Bai ɗago ba sai da na gama, sa'an nan ya ce, "To, shi wannan mai sunan gizagon, ya iya riƙe shi kuwa?"

Na ce, "Baba Tsoho, ai shi wutar lantarki ya yi wa duniya."

Ya ce, "Ashe dai shi ma gudun sana'ar gida ya yi, kamar wani da na sani."

Da dare na tambayi Baba wane suna zan sa a fam ɗin, na gari ko na gida. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce gari na kowa ne, har da baƙon da ya sauka jiya. Ya ce in sa sunansa, in bi da na kakana, in kuma takardar tana da sauran wuri, in ƙara Masassaƙa. Na tambayi wani ɗan aji biyar da ya riga ya cike nasa, ya ce gurbi uku ne.